Malamar da Ba Ta Juyo Ba

Iskar bakin teku ta shige babbar rigar Dakta Maharazu ta kumbura ta, har Gwaggo Latifa ta riƙo hannunsa tana dariya.

"Maharazu, kai ma igiya kawai za su ɗaura maka. Sai ka riga 'yar taka tashi."

Na'ima na biye da su a baya, hannuwanta cikin aljihun kwat. A gabansu laimomi sun kai ashirin a sama, ja da kore da shuɗi, kowace da mutum a ƙarshen igiyoyinta, tsaye kan ɗan allo, iska na jan sa yana tsaga ruwa. Shekara guda ke nan tana kallon wannan wasa a waya, a ɗakinta na unguwar Gorton a Manchester ko a bas idan ta taso daga aikin kantin magani. Wata biyu ta yi tana juya maganar a baki kafin ta iya gaya wa mahaifinta tana so ta koya.

Bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Ba na miƙa 'yata ga wanda ban bincika ba." Sai ya kira yayarsa Gwaggo Latifa daga Sparkhill, can Birmingham, domin duk auren da danginsu suka ɗaura a Ingila ita ce ta binciki mijin. Makarantu biyu Na'ima ta tsamo a intanet, duka a gaɓa ɗaya, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga Manchester. Za a je a ga malaman ido da ido. Wanda ya kwanta wa manya a rai, shi ne. Idan babu, an rufe maganar.

Makarantar farko wata kwantena ce mai shuɗin fenti. Mai ita, wani dogon saurayi mai suna Ethan, tun daga nesa ya taso ya tare su da sallama. Ya ce shekara uku ya yi yana koyarwa a Masar. Ya jawo kujeru, ya ɗora buta, ya miƙa wa Gwaggo shayi kafin kowa.

Gwaggo ta gyara zama, ta fara da Turancinta na Birmingham. Yana da aure? Iyayensa suna raye? Yana shan wani abu? Ina takardar shaidarsa? Ethan ya amsa duka yana murmushi, ya ciro takardar daga bango ya ba Dakta a hannu.

"Kwana uku, Dakta," in ji shi. "A na ukun za ka gan ta tsaye kan allo."

Dakta ya juyo ga yayarsa, ya ce da Hausa, "Yaya, yaron nan ya samu tarbiyya."

"Ɗan mutunci ne," in ji Gwaggo. "Saura sallah."

Kujerar Na'ima ce kawai ke fuskantar teku. Ta kan kafaɗar Ethan tana hango mutum biyu cikin ruwa sanye da riga ruwan ɗorawa, irin waɗanda ke rataye a ƙofar kwantenar. Laimar ɗayan ta faɗi. Yana ja, tana kwance, ruwa na tafiya da su a hankali. Rediyon hannu da ake magana da ɗalibai da ita tana kan tebur, kusa da gwangwanin sukari. Na'ima ta dubi agogonta, ta sake duban ruwan.

Makaranta ta biyu ko kwantena ba ta da ita, wata tsohuwar farar mota ce kawai cike da kaya. Wani mai wanke allo ya nuna musu malamar, ya ce sunanta Grace. Mace ce da za ta yi shekara hamsin, tsaye inda ruwa ke lasar yashi, rediyo a hannu, usur a wuya.

Dakta ya gaishe ta. Ta ɗaga hannu ba tare da ta juyo ba.

"Ku ne na Manchester? Wace ce mai koyon?"

"Ni ce," in ji Na'ima, da ƙyar muryar ta fita.

"Kin iya iyo?"

"Eh."

"A tafkin wanka ko a teku?"

"A tafki."

"To ba ɗaya ba ne. Za mu gwada." Ta danna rediyo ta ce wa wani ya sassauta hannunsa na hagu, ta ci gaba. "Ranar farko a kan yashi za ki yi ta, kina koyon yadda ake sakin laima idan ta fi ƙarfinki. Wannan mayafin ba zai shiga ruwa ba, igiya za ta kama shi. Akwai mai kama kai da wuya, ɗalibaina biyu suna sa shi a ƙarƙashin hular kwano. Ranar da iska ke turawa daga tudu zuwa teku, ba darasi, ko da kun riga kun iso."

"Yaushe za ta tsaya kan allo?" Dakta ya tambaya.

"Ban sani ba."

Gwaggo ta buɗe baki za ta fara nata tambayoyin, Grace ta busa usur ta yi gaba taku biyu cikin ruwa.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Ko kallo ba mu ishe ta ba. Ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wannan kuwa ba fuskar ba tabarmar."

Dakta ya kaɗa makullin mota. "Magana ta ƙare. Na farkon."

Sun yi taku biyar ko shida kafin su lura Na'ima ba ta biyo su ba.

"Abba."

Ya tsaya. A gida sau da yawa sai an ce ta maimaita kafin a ji abin da ta faɗa. Yau iska ma ba ta danne ta ba.

"Abba, dubi can. Mai riga ruwan ɗorawa."

Can nesa, kusa da duwatsu, wani mutum ne ke fitowa daga ruwa yana jan jiƙaƙƙiyar laima, igiyoyi sun naɗe masa ƙafa. Ya yi taku kaɗan ya durƙusa, ya tashi.

"Ɗalibin Ethan ne. Tun Gwaggo na tambayar iyayensa laimar ta faɗi. Minti goma sha ɗaya muka ƙara a zaune, bai waiwaya ba ko sau ɗaya." Ta juyo ta dube shi. "Mu ya kalla. Ita kuwa ɗalibanta take kallo. Idan wajensa aka kai ni, ran Asabar ni ce a cikin ruwan, Abba, wasu baƙin kuma za su zo."

Dakta ya dubi mutumin da ke jan laima. Ya dubi shuɗiyar kwantenar, inda Ethan ke jawo wa wasu mata biyu kujeru, bayansa ga teku. Ya daɗe yana kallo, makullin ya daina kaɗawa.

Gwaggo ta ja gyalenta ta rufe kunne. "Ni dai cewa na yi yaron yana da ladabi. Ban ce a ba shi 'ya ba."

Dakta ya mayar da makullin aljihu, ya koma wajen Grace. Wannan karon bai tsaya inda za ta gan shi ba. A gefenta ya tsaya, ya fuskanci inda take fuskanta, ya jira har ta sauke rediyon daga baki.

"Akwai wuri ran Asabar?"

"Akwai, idan iska ta yarda. Zan kira ta ran Juma'a da yamma." Idonta na kan wata koriyar laima da ke karkata. "Ja baya kaɗan, ruwa na cikowa."

Dakta Maharazu, wanda ya yi shekara ashirin a asibiti ba wanda ya ce masa ja baya, ya dubi takalmansa, ya ja.