Hannun da Gado Yake Bugewa

Sau uku Tsoho bakanike yana haɗa injin motar nan, sau uku baƙin mai yana komawa fari kamar an dama fura. Ruwa ne ke zuba ciki. Duk garejin Ƙaura Namoda sun yanke hukunci: bulo, wato gangar jikin injin, ya tsage, a haƙura.

Motar ta yayansa ce, marigayi Gado, wanda ya yi tsere da ita tun Tsoho bai fara gemu ba. Har yau lambarta na jikin ƙofa. Armiya'u, ɗan Gado, ya gaji da ganinta a kan duwatsu.

"Baba, in ba ta kai Shinkafi ba ran Alhamis, 'yan gwangwan za ni kira su yanke ta."

"Wagga mota ba a yanka ta ina raye," in ji Tsoho. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ya sake buɗe kan injin. Ya zare silif huɗun, bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, ya wanke bulon tas, ya bi shi da yatsa. Ko tsaga ɗaya babu. Ya mayar da silif ɗin da sabon gaskit mai tare ruwa a gindinsu, ya ɗauko sifana zai juya injin ya ji laushinsa, kamar kullum.

Nan ya tuna. A daidai wannan gaɓar Gado ke buge masa hannu. "Kak ka juya, kan inji a buɗe!" Bai taɓa faɗin dalili ba, shi kuwa Tsoho shekara arba'in yana ɗaukar abin mulkin babban wa ne kawai.

Ya ɗora babban yatsa a bakin silif, ya juya a hankali. Ƙarfen ya ɗago, kaurin farce. Ashe duk juyin da ya yi, fistin ne ke ɗaga silif ya ɓalle gaskit ɗin ƙasa, ruwa ya samu hanya. Kunya ta kama shi. Ya sake gaskit, ya danne silif ɗin da zoben ƙarfe da noti, bai ƙara taɓa sifanar ba sai da ya rufe kan.

Ran Alhamis da hantsi suka kama hanya shi da Armiya'u, don ba a yin yamma a hanyar nan saboda 'yan fashi. A bakin kasuwar Shinkafi Tsoho ya zaro sandar auna mai. Man garau.

"To mi ya ɓace mata, Baba?"

Tsoho ya miƙa masa bayan hannunsa. "Wanga. Tun da ubanka ya rasu babu mai buge shi."