Sawun Inna Mai Kati

"Daƙiƙa tara," in ji Injiniya, tana hararar kwamfutar ɗakin kati kamar ta kai mata mari. Shugaban asibitin ya riga ya yanke magana: in ƙarfe biyu ta yi manhajar tana wannan jan ƙafa kafin ta buɗe katin majinyaci, za a koma takarda, aikinta na wata takwas ya bi ruwa.

Abin haushin, ta yi dabarar da ta sani. Ana barin wani ya yi aiki da manhaja tana rubuta sawunsa, sai a miƙa sawun ga kwamfaila, mai juya rubutun injiniyoyi zuwa yaren na'ura, ita kuma ta share hanyoyin da aka fi bi. An yi, abin sai ƙara nauyi ya yi.

Ta buga waya ga abokin aikinta mai gwajin manhajar, wanda suke kira Ɓarnau.

"Sawun wa ka ba ni?"

"Nawa mana. Kwana uku ina sa ranar haihuwa ta baɗi, da sunaye marasa harafi."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Allah ya shirye ka! Ka koya wa kwamfaila duk duniya shirme ake yi. Ta zuba kwalta zuwa bola, ta bar ƙofar gida da ramuka."

Ta juya ga ma'aikaciyar kati, dattijuwa mai tabarau a karan hanci.

"Inna, don Allah ki yi mini aikinki na awa ɗaya, yadda kika saba."

Inna ta yi, da yatsa biyu, ba gaggawa. Ashe maɓalli huɗu kacal take taɓawa. Injiniya ta kwashe sawun ta sake gina manhajar.

Biyu saura kwata shugaban ya shigo ya danna da kansa. Kati ya buɗe kafin ya ɗage yatsa. Ya ce "To," ya fita. A bakinsa wannan kirari ne. Daɗi ya kama Injiniya, saura kaɗan ta taka rawa a gaban layin majinyata.

Sai Inna ta riƙo hannunta.

"An gode, 'yata. Amma fa a jiran nan nake gaisawa da mutane."

Injiniya ta ja gefe. Wata mata ta matso, katinta ya riga ya buɗe. Inna ta janye hannu daga kan maɓallan ta dube ta.

"Sannu, baiwar Allah. Yaya jikin?"

Ta kuwa tsaya har ta ji amsa.