Man Shanun da Na Zuba wa Alhaji

Shekara ashirin mijina, Alhaji Ɗan Azumi, yana zaune kan buhunan gero a kasuwar Cadakori, har tumbi ya hana shi ganin takalminsa. Bara ya fara jiri. Likita a Gidan Rumji ya ce hawan jini ne da suga, sai ya rage ƙiba, ya riƙa tafiyar ƙasa kullum da safe. Ina wurin ya ƙara da cewa: "Hajiya Zulai, in ya dawo kada ki mayar masa da abin da tafiyar ta ƙona. Abincinsa na kullum ya isa."

Na ji, na kuma bi. Wata biyu Alhaji yana fita bayan asuba, ya dawo jiƙe da gumi, in ba shi koko ba suga. Riga ta fara yi masa yawa.

Sai ga yayarsa Habi daga Sae Sabuwa, mace mai baki kamar reza. Ta dube shi, ta dube ni a gaban matan unguwa.

"Zulai, mi ƙanena ya yi miki? Gida cike da hatsi, maigida na ramewa? Ko gona in an kwashe ta ana maida mata taki."

Matan suka yi dariya. Wallahi maganar ta ci ni. A garinmu in namiji ya rame, ba likita ake tambaya ba, matarsa ake kallo.

Washegari na dama masa fura da nono mai kauri, na ce ladan tafiya ne. Ya karɓa ya sha. Daga nan na fara narka man shanu cikin miyarsa ban gaya masa ba. Na ce wa raina ai ya sha wahala, abin da ya zubar a hanya kawai nake mayarwa.

Da ya koma awo, kilonsa ya hau. Bawan Allah bai zargi kowa ba, ya ce ƙafarsa ce ta yi lalaci. Ya ƙara nisa, har rugar Fulani yake kaiwa. Ni kuma da na ga ya fi galabaita sai na ƙara cokali. Haka muka yi ta yi wata biyar, yana ɗiba ina cikawa.

Wata Talata mai amalanke ya tsince shi a bakin hanya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ban san ko miyata ce ta kayar da shi ba, likita ma bai ce ba. Amma na san abin da hannuna ya zuba, kuma baƙin cikinsa bai bar ni ba har yau.

A asibiti likitan ya tambaye ni abin da yake ci a gida. Na buɗe baki ke nan, Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Harshensa ya yi nauyi, sai da ya maimaita sau biyu muka gane.

"Ka ƙyale ta, likita. Ta yi ƙoƙarinta. Ni ne tahiyata ba ta isa ba."

Likita ya rubuta abin da ya faɗa. Ni kuwa na gyara masa matashi.