Ruwa a Kwalaben Mai

"Ba zan zuba ba, Kawu."

Manajan shagon gwamnati ya tsaya da mazurari a hannu yana duban 'yar ƙanwarsa, mai kula da sito. Kwalaben man girki ne jere a gabansu a kan siminti, duk fayau, ga durom na ruwa da aka zuba wa kala har ya yi kama da mai. Washegari 'yan talabijin za su zo ɗaukar shagon don a nuna wa ƙasa cewa kaya sun wadata. Hedikwata ta aiko da umarni: a cika kwalabe da ruwan nan a jera a kan kantar shagon, buhunan shinkafa kuma a ɗura musu yashi. Ita ce za ta tsaya gaban kyamara ta yi bayani, tunda ita ce mai digiri kuma bakinta ba ya rawa.

"A nan ni ba kawunki ba ne, manaja ne."

"To, ranka ya daɗe manaja, ba zan zuba ba."

Tattalin arziki ta karanta a jami'a, amma tun a gida ta fara ganin darasin. Shugaban ƙasa ya hau mulki da alkawarin talaka ba zai ƙara sayen mai da tsada ba. Ya yanke farashi da doka, ya karɓe manyan masana'antu daga hannun masu su. Ƙaramar masana'antar matse mai ta babanta ba a ƙwace ta ba, an dai tilasta masa sayarwa ƙasa da abin da yake kashewa, har ya sallami ma'aikata ya sa kwaɗo. Gidansu ya tafi a haka. Yanzu ita da iyayenta suna zaune a ɗaki biyu na gidajen ma'aikata, kuma aikin nan ne ya ba su ɗakunan. Duk ranar da aikin ya tafi, ɗakunan ma za su tafi.

"Digirin nan ne yake hura miki kunne," in ji Kawu. "Shugaban nan don talaka yake yi."

"Wane talakan? Wanda yake layi tun asuba ya koma gida da jarka ba komai? Kawu, farashi ba soja ba ne da za a ce masa tsaya ya tsaya. Ka sa mutum ya yi asara bana, baɗi ba zai noma ba. Ya kori masu sana'a, ya ɗora 'yan jam'iyya a kan injinan da ba su san inda ake kunna su ba, yanzu kuma mu zai sa mu rufa masa asiri da ruwan famfo?"

Kawu ya waiga ƙofa ya rage murya. "Ni ban ce ƙarya kike yi ba. Cewa na yi ki zuba ruwa."

"Jibi mutane za su zo sun ga kanta cike a talabijin. Ni ce a tagar sayarwa. Ni za su zaga, su ce mun ɓoye muna sayarwa ta bayan fage."

"Zagi yana fitar da jini ne? Ki tuna da uwarki."

Kafin ta isa gida Kawu ya riga ya kira. Ta tarar da Umma a bakin ƙofa riƙe da ludayi.

"Ruwa ne fa, 'yar nan! Giya aka ce ki zuba?"

Baba yana kan tabarma, rediyo a gefensa yana ta yabon gwamnati. Ya kashe shi. "Ni da aka durƙusar da ni ban ce uffan ba. Ga ni nan, shirun bai saya mini ko ashana ba."

"Madalla, zuga ta," in ji Umma. "In an watso mana katifu waje sai ka shimfiɗa mana jawabi mu kwanta a kai."

Da safe ta tarar Kawu ya sa lebura sun cika kwalaben. Sun yi kyau ƙwarai a ƙarƙashin fitila. Ya ja ta gefe, idonsa ja don rashin barci.

"Na sauƙaƙa miki. Kada ki ce komai. Ki tsaya kawai ki yi murmushi, ni zan yi maganar."

Ta ji tausayinsa, don ta san shi ma yara ne da shi. Ta tsaya inda ya nuna mata. Sai dai ɗan jaridan ya ga mace mai tabarau da farar rigar aiki, ya miƙo mata makirufo.

"Malama, yaya wadatar mai a wannan shago?"

"Babu mai," ta ce. "Ruwa ne da kala. Buɗe ɗaya ka shinshina."

Mai kyamara ya sauke na'urarsa ba tare da mamaki ba. "Haba Malama, ai mun sani. Shagon da muka baro ma haka ne. Manaja, ba ka da wata yarinyar?"

Akwai wata. Ita aka nuno a labaran yamma, tana murmushi a gaban kwalabe, aka kuma ce ƙasa ta wadata.

Kafin ƙarshen mako aka sallame ta, bisa laifin ɓata sunan hukuma. Ta miƙa makullin sito da hannunta, ba ta roƙi kowa ba. Kawu an mayar da shi ƙaramin reshe a bayan gari, kuma tun daga ranar bai ƙara taka ƙofar ƙanwarsa ba. Ɗakunan an ba wani. Yanzu su uku suna haya a ɗaki ɗaya bayan garejin makanikai, labule ne ya raba ta da iyayenta. Tana koya wa 'ya'yan maƙwabta lissafi, don babu ma'aikatar da za ta ɗauke ta muddin wannan gwamnati na nan. Umma tana dafa mata abinci, tana wanke mata kaya, amma har yau ba ta yafe mata ba.