Dariyar Kubra a Gonar Jamaluddeen

Mudassiru yana tsaka da ban ruwan tumatir ya sake jin dariyar Kubra, budurwar da aka sa musu rana. Daga hagu ta zo, kuma ba kowa a hagu sai Jamaluddeen, maƙwabcin gonarsa mai sabon babur. Tun makon jiya haka yake ji.

Da ya tuhume ta a wajen zance, ta rantse ba ta taɓa kai tallan fura gonar nan ba. Bai yarda ba. Shi ma akwai abin da ya ɓoye mata. Bara da kunnensa na dama ya dushe, likita a Kano ya gano ƙari a kan jijiyar ji. Ya ce ba cutar daji ba ce, amma a jikin matashi yakan girma, don haka ya dawo a sake hoto. Mudassiru bai koma ba.

Ya suri fartanya, ya ratsa masarar da ta raba gonakin. Ya tarar da Jamaluddeen shi kaɗai, a tsugune yana gyaran injin ban ruwa.

"Ina ka ɓoye ta?"

"Wa? A cikin injin?"

Dariyar ta sake tashi. Ya juya da ƙarfi, jiri ya kwashe shi, sai ga shi tsundum cikin kanal. Jamaluddeen ne ya jawo shi da ƙotar fartanyar.

Kubra ta iso a guje daga tsallaken dama, inda take sayar wa masu cirar albasa fura. Nan Mudassiru ya faɗi maganar ƙarin, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ta ce ya rufe ido. Ta koma damansa, ta kira sunansa, ta ce ya nuna inda take. Ya nuna Jamaluddeen da ke hagunsa.

"To Yaya, ga amaryarka nan, har da gashin baki," in ji Jamaluddeen.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ɓoyon ya fi zargin yi mata ciwo. Ko ya koma asibiti gobe, ko ta sa Baba ya mayar da kayan sa rana.

Washegari Jamaluddeen ya kawo babur zai kai shi tasha a Kura. Kubra ta fito rakiya, ta tsaya ta dama tana yi wa mai babur godiya. Mudassiru ya hau, ya ƙura wa bakinta ido, bai ji ko kalma ba.

"Zagayo ta hagu," in ji shi. "In za ki gode masa, ki gode a inda zan ji."