Mutum Ɗari a Kan Kati

Tun a mota ni da Yaya muka ƙulla cewa ba wanda zai ambaci ciwon daji a gaban Baba. A nan kaɗai bakinmu ya zo ɗaya. Yaya so yake a yi wa Baba duk maganin da asibiti ke da shi. Ni kuwa da nake masa wanki, na san yadda rigunansa suka yi masa yawa, ban ga jikin da zai ɗauki magani mai ƙarfi ba.

"Ki bar ni in yi magana," in ji Yaya ƙasa-ƙasa.

"Yi mana, ai kai ne likitan."

Baba yana baya da 'yata a cinyarsa, wadda yake kira amarya, tana ta ƙoƙarin cire masa tabarau.

Likitar gajeriyar mace ce mai takalmin roba. Muna zama ta jawo kujerarta daga bayan tebur, ta ajiye dab da ta Baba.

"Baba, kai zan faɗa wa abin da hoton ya nuna, ko yaranka?"

"Duk yadda suka ce."

"Ai ba huhunsu ba ne."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Faɗi, 'yata. Na san daji ne. Abokan aikina biyu a garejin fenti da irin wannan tarin suka tafi. Waɗannan nake lallaɓawa kada su firgita."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni na shiga gyara wa yarinya takalmin da ba abin da ya same shi.

Likita ta yi bayanin hoton, sannan ta ɗora wani faffaɗan kati a gwiwar Baba. An raba shi biyu, kowane ɓangare da zanen ƙananan mutane ɗari. Na hagu, in ji ta, waɗanda aka yi wa ƙarin ruwan kashe daji ne; na dama, waɗanda suka tsaya a kan maganin sauƙaƙa ciwo da numfashi. Masu shuɗi sun kai baɗi da rai. Masu rawaya kuwa magani ya kwantar da su.

"Ka gani ko, Baba? Shuɗi ya fi yawa a hagu," in ji Yaya.

"Rawayan fa, ba ka da idon ganinsa?" na ce.

"Kowannenku ya ga launinsa," in ji likita. "Ku bar mai jikin ya ga duka."

Baba ya gyara tabarau, ya bi mutanen da yatsa layi-layi. Ba ta katse shi ba, ba ta dubi agogo ba.

"Ni wanne ne a ciki?"

"Ban sani ba, Baba. Da na sani, da ban kawo katin ba."

Ta juya bayan katin ta karanta masa tambayoyi: me ya fi masa muhimmanci, tsawon kwana, zaman gida, ko tafiya da ƙafarsa? Baba ya ce shi dai yana son ya riƙa takawa zuwa gareji yana zaune ana hira.

"In na fara, dole sai na gama?"

"A'a. Ranar da ka ce a tsaya, an tsaya." Sai ta dubi hancin 'yata da ke yoyo. "Amma akwai abu ɗaya. Maganin yana raunana garkuwar jiki. Duk ranar da yarinya ke mura, ba za ta hau cinyarka ba."

"To fa," in ji Baba. "An taɓa amarya."

Yatsansa ya tashi daga hagu, ya tsaya a tsakiyar katin. Ya dube ni. 'Yata kuwa tun da ta shiga gidan renon yara, mura ba ta barinta. Kalma ɗaya zan faɗa ya koma dama, inda nake so. Na dubi likita ko za ta tura shi wani ɓangare. Hannuwanta na kan gwiwarta, tana jira kawai.

"Baba, wannan aikina ne," na ce. "Ranar da take mura, ku gaisa ta taga. Ka zaɓi naka."

Baba ya mayar da yatsa hagu. "A gwada. In na kasa kaiwa gareji da ƙafata, a bari."

Likita ta rubuta yadda ya faɗa, ta karanta masa, ta tambaya ko ta ƙara wani abu nata. Ya ce ba ta ƙara ba.

"Kai za ka riƙa kawo ni," ya ce wa Yaya, "tunda kai ne mai son allura."

A baranda yarinya ta miƙa masa hannu tana son ya ɗauke ta. Na share mata hanci, na saɓa ta a kafaɗa, na bar su suka yi gaba. Tana kuka tana kiran Kaka, shi kuma yana waiwayowa yana ɗaga mata hannu har muka isa mota.