Mai Tura Jirgin Baba

Kowace shekara, kashegarin Kirsimeti, Baba yakan loda mu a tsohuwar motarsa zuwa ramin jirgin ƙasa da ya ratsa dutse a garin Waterval Boven, wanda jirgi ya daina bi tun ba a haifi kakanmu ba. Dokarsa ɗaya ce, ba a kunna tocila. Sai mu jeru kamar taragai, kowa ya dafa na gabansa, Baba a gaba yana kukan jirgi da baki, Mama a bayansa, har mu ɓulla inda ruwan kogin Elands ke zubowa daga kan dutse. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gyaran layin dogo, mun ɗauka duhu ma tsoronsa yake ji.

Bana babu Baba. Tun da muka binne shi a watan Mayu, Mama ba ta zuwa ko'ina sai coci, da ƙyar muka lallaɓo ta. A bakin ramin ta ja ta tsaya, riƙe da kwandon tuwon masara da gasasshen nama. Na san in ta juya yau, ta koma ɗaki ke nan, ba za mu sake fito da ita ba.

Ƙanwata Nomcebo ta zungure ni. "Yaya Bhekani, kai ne babba, shiga gaba. Ko ƙaton tumbin nan na ado ne?"

Shekarata arba'in da biyu, amma ban taɓa shiga wurin nan ba sai da kafaɗar wani a hannuna. Na yi ta maza na shiga. Da ramin ya lanƙwasa, haske ya ɓace, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Na gwada kukan jirgi, ya fito kamar na ɗan akuya, 'ya'yan Nomcebo suka fashe da dariya.

Sai na ji tafin hannu a tsakiyar bayana.

"Tafi mana, ɗan babansa," in ji Mama.

"Mama, kin shigo?"

"In bar ku ku kwana a nan? Shi ma daidai nan yake cijewa. Kun ɗauka don ku yake wannan ihun? Tsoro ne fal cikinsa."

"Kai, Mama!" in ji Nomcebo. "To me ya sa ya hana tocila?"

"Zuwanmu na farko mantawa ya yi da ita. Kunya ta hana shi faɗa, ya ce doka ce. Tun ranar ni ke tura shi."

Dariyarta ta cika ramin, wadda rabon da mu ji ta tun Mayu. Ni kuwa na gode wa duhun, don hawaye nake.

Muka fito haske, ruwan na rugugi a ƙasanmu, yara suka ruga da gudu. Ni ban motsa ba. Hannun Mama na nan a bayana har yanzu, sai dai ta daina turawa, jingina take.